CIRE BELI DA MURYAR 'YA'YANMU



Da yawanmu in muka buɗe baki gaban madubi ba za mu ga beli ba, wato ɗan naman nan da ke reto a ƙarshen ganɗa. Wanzami ya ɗauke shi tun muna tsumman goyo, galibi ranar suna. Ya buɗe zabira, ya danne harshe da ɗan itace, ya sa aska mai lanƙwasa, shi ke nan. Kakanninmu sun yarda cewa in aka bar shi zai kumbura, ya hana jariri shan nono, ya kawo amai, har ya toshe maƙogwaro ya kashe shi. Tsoron mutuwa ne ya kafa al'adar, a zamanin da babu likita kusa.

Ba mu kaɗai ba ne, ana yi a Cadi, Sudan da Habasha. A 1994 likitoci, cikinsu har da Prual da Gamatié, suka wallafa binciken da suka yi a Yamai: kusan yaro 1 cikin 5 an cire masa beli kafin ya cika shekara 5.

To, batun murya fa? Tsofaffi za su ce ga mu nan muna magana lafiya lau, kuma suna da gaskiyarsu. Hausa ba ta da harafin da ke fita daga beli, ko "ƙ" ma a gabansa yake fita. In bakin kawai aka yanke, da wuya kunne ya ji bambanci.

Matsalar sai aska ta zarce. Naman ganɗa na baya shi ke ɗagawa ya rufe hanyar hanci lokacin magana da haɗiya. In aka ci shi, ko tabo ya ɗaure shi, iska sai ta riƙa zurarewa. Jariri nono ya dawo masa ta hanci. Ya girma "b" ɗinsa na kama da "m", 'yan lakwal na kwaikwayonsa, gida kuma a ce haka Allah ya yi shi. Wa zai tuna da askar ranar suna bayan shekara huɗu?

Wannan ma ga wanda ya tsira daga zubar jini da tetanus ke nan.

Ni dai a ganina wanzami ya yi aski, ya karɓi rabonsa na ragon suna, ya bar maƙogwaro. Jaririn da ya ƙi nono, CSI za a kai shi.