Koyon Sana'ar Majigi a Ƙasar Farisa

A ƙasar Farisa, watau Iran, sai da aka kafa makarantar majigi kafin a yi dogon wasa ko guda. Cikin 1930 wani Ba'armeniye, Ovanes Ohanian, wanda ya koyo sana'ar a Mosko, ya buɗe makarantar 'yan wasa a Teheran. Da almajiransa ya shirya *Abi da Rabi*, dogon wasa na farko a ƙasar, amma bebe ne. Wanda ya fara magana da Farisanci kuwa, *Dokhtar-e Lor*, a Bombai aka yi shi cikin 1933.

Daga baya hukuma ta sa hannu. Ta kafa kwalejin wasan kwaikwayo cikin 1964, da makarantar talabijin da majigi cikin 1969. Bayan juyin mulkin 1979 aka rufe jami'o'i, tun daga 1980 har wajen shekara uku.

To, abin lura shi ne, gwanayen sana'ar ba ta ƙofa guda suka shigo ba. Dariush Mehrjui, mai *Saniya* na 1969, falsafa ya karanta a Amurka. Abbas Kiarostami zane ya koya a Jami'ar Teheran, Asghar Farhadi kuma wasan kwaikwayo. Jafar Panahi ne ya bi ta makarantar majigi sosai.

Saboda haka malamin da zai tsara karatun wannan fanni, kada ya tsaya ga sarrafa na'ura kaɗai. Ya kamata ya gama da adabi, da zane, da nazarin harshen da 'yan wasa za su furta.