Zindar: Garin da Hanya ta Gina

Duk wanda ya san ƙasar Damagaram ya san cewa babban birninta suna biyu gare shi. A takardun hukuma Zindar ne, a bakin talakawa kuwa Damagaram. Wannan suna na biyu aro ne, domin asalinsa na wani ƙauye ne da ke gabas, wanda a yau ake kira Damagaram ta Ƙaya. A yankin nan ne, cikin shekarun 1730, wani malami Babarbare da tarihi ya riƙe da sunan Malam ya kafa ƴar ƙaramar sarauta mai biyayya ga Barno. A lokacin Zindar ƙauye ce tsakanin duwatsu, ba kogi, ba tafki mai dogon kwana, kuma ko kusa ba ta kai Mirya, tsohon garin Sosebaki, daraja ba. To, me ya ɗaukaka ta? Amsar ita ce hanya. Tarihin Zindar kusan duka tarihin hanyoyin da suka ratsa ta ne, da waɗanda suka kauce mata.

Jikokin Malam sun yi ta sauya mazauni har wajajen 1812, lokacin da Sarki Sulaiman ya zauna Zindar ya mai da ita fadarsa. Zaɓen ya dace da zamani. Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya riga ya sauya fuskar ƙasar Hausa, yaƙe-yaƙe sun hana tsofaffin hanyoyin Katsina da Gobir kwanciyar hankali, Barno kuma ta raunana. Ayarin da ya taso daga Tarabulus ya bi ta Gat da Agadas yana nufin Kano, sai ya ga babu zangon da ya fi Zindar aminci, ga kuma hanyar Kukawa da ta gitta a nan. Daga wannan ne garin ya rabu gida biyu, kamar yadda yake har gobe: Birni, inda fada da sarakai da malamai suke, da Zango, masaukin Abzinawa da Larabawa da fatake. Bajamushen nan Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, a nan ya zauna a ƙarshen 1852 yana jiran guzurinsa daga arewa, abin da ke nuna cewa saƙon Tarabulus ta Zindar yake biyowa.

Garin ya kai ƙololuwa a zamanin Tanimu ɗan Sulaiman, wanda ya yi dogon mulki daga farkon shekarun 1850 har rasuwarsa a 1884. Shi ya kewaye Birni da ganuwa mai kauri, ya tara ƴan bindiga, ya sa ana haɗa albarushi ana zuba igwa a cikin gari, abin da ba kowace masarauta ta wannan yanki ta iya ba. Ya faɗaɗa ikonsa a kan garuruwan Sosebaki da ƙasar Muniyo, har gaisuwar da ake kai wa Shehun Barno ta koma kusan al'ada kawai. Jemammun fatu da gashin jimina suna tafiya arewa, tufafi da takarda da bindigogi suna saukowa, gishirin Bilma da kanwa suna wucewa kudu. Amma wajibi ne malamin tarihi ya gaya wa ɗalibansa sauran labarin: wani babban kaso na wannan arziki daga hari da cinikin bayi ya fito, kuma ganuwar da ta zama inuwa ga na ciki, abin tsoro ce ga ƙauyukan da ke nesa da ita.

Da Rabe ya ci Kukawa a 1893, sai igiyar Barno ta tsinke gaba ɗaya. Amadu ɗan Tanimu, wanda aka fi sani da Kuran Daga, ya juya kudu yana yaƙar Sarkin Kano Alu, har dakarunsa suka kai Gezawa. Ashe haɗarin daga yamma yake tasowa. A watan Mayu na 1898 aka kashe Kyaftin Kazamaju na Faransa da tafintansa a Zindar. A ƙarshen Yuli na 1899 sojan Faransa suka karya rundunar Damagaram a Tirmini, suka shiga gari, cikin Satumba kuma aka kashe Kuran Daga. Nasara suka naɗa Amadu ɗan Basa, amma a 1906 suka zarge shi da shirya tawaye tare da wasu manyan gari, cikinsu har da attajirin Zango Malam Yaro. Aka tuɓe shi aka kai shi gudun dole, aka danƙa riƙon ƙasa ga Ballama, bawan fada. Sai a 1923 sarauta ta koma gida da naɗin Barma Mustafa.

Abin mamaki, a cikin wannan ƙasƙanci ne Zindar ta sami muƙamin da ya fi kowane girma. A 1911 ta zama hedikwatar yankin soja na Nijar, a 1922 kuma babban birnin sabuwar ƙasar mallaka. Sai dai a daidai lokacin ne jirgin ƙasa daga Ikko ya iso Kano, kayan da raƙumi ke kwashe watanni yana ɗaukowa suka fara zuwa ta teku cikin sauƙi. Ayarin Tarabulus ya mutu, Zindar ta daina zama ƙofar arewa, ta koma mai aika gyaɗa da fatu kudu. A 1926, zamanin Gwamna Birebiye, aka ɗauke hedikwata zuwa Yamai. Dalilin da aka fi bayarwa shi ne ƙarancin ruwa, kuma gaskiya ne, domin garin a kan fa yake zaune. Amma akwai na biyu: Faransa ba ta saki jiki da birnin da zuciyarsa da kasuwarsa ke fuskantar Kano ta Ingilishi ba.

Duk da haka garin bai dusashe ba. Ya ba Nijar shugaban ƙasa, Mahamman Usman, a 1993. An buɗe matatar mai a arewacinsa a 2011. Yana da jami'a. Ɗansa marigayi Andre Salifu ya rubuta tarihin masarautar a 1971, ya kuma ɗora Tanimu a dandalin wasan kwaikwayo. A 2006 Nijar ta sa unguwar Birni da fada cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya.

A nan ne aiki ya rage ga malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu. Daga ganuwar Tanimu saura ƴan guntaye. Gidajen ƙasa masu zanko da zanen bango, kowace damina tana cin rabonta, siminti yana cin sauran, maginan da suka iya yaɓe da zane kuma suna ƙarewa. Jerin UNESCO ba ya yaɓe katanga. A kai ɗalibai Birni da Zango su gani da idonsu, a ɗauki muryoyin dattawa da maroƙan fada tun suna da rai, a rubuta sunayen ƙofofi da unguwanni da rijiyoyi da Hausa, a kuma nema wa magina aikin da zai sa su koya wa na baya. Hanya ta zo da kanta ta kuma tafi da kanta, amma abin da ta bari a hannun ƴan gari yake. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana.