Rajistar Ciniki da Rajistar Mallaka: Wa Ke Ɗaukar Asara Idan Takardar Fili Ta Tashi a Banza?

Duk hukumar da ta buɗe ofishin rajistar filaye, ɗaya daga cikin abubuwa biyu take rubutawa, ko dai cinikin da aka yi a kan fili ko kuwa mallakar filin ita kanta, kuma a kan wannan bambanci ne ake sanin wanda zai ɗauki asara ranar da mutum biyu suka tsaya gaban alƙali kowanne riƙe da takarda. A tsari na farko, wato rajistar ciniki, ofis yana karɓar takardar saye ko kyauta ko jingina ya shigar da ita littafi da kwanan wata, ba tare da ya tsaya ya bincika ko mai sayarwa yana da ikon sayarwa ba. Haka mafi yawan jihohin Amurka suke yi, shi ya sa mai saye yake biyan masu bincike su bi silsilar cinikayya baya, sannan ya sayi inshorar mallaka don gudun wani ɓoyayyen haƙƙi da zai iya ɓullowa daga baya.

Tsari na biyu ya samu suna daga Robert Torrens, wanda ya jagoranci dokar 1858 a Ostireliya ta Kudu, kuma Ingila ta bi hanya makamanciya ta dokokinta na 1925 da 2002. A nan kowane fili yana da shafinsa, kuma abin da shafin ya ce shi ne hukunci: mai saye ba ya buƙatar tono tarihin da ya gabaci rajista, idan kuma kuskuren ofis ya jawo wa wani asara, baitulmali ne ke biyan diyya. Wannan alkawarin diyya shi ne ruhin tsarin, domin shi ke tilasta wa gwamnati yin safiyo da bincike kafin ta buga hatimi.

Najeriya ta gaji tsari na farko ta dokar rajistar filaye ta 1924, sai dai Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta ɗebo ginshiƙanta daga dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962, ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana, ta kuma fito da satifiket ɗin shaidar zama a fili, wanda jama'a suka ɗauka shi ne ƙarshen magana. Kotun Ƙoli ba ta ɗauke shi haka ba. A shari'ar Ogunleye da Oni ta 1990 ta nuna cewa satifiket ba ya haifar da haƙƙin da mai shi bai taɓa samu ba, kuma wanda ya zo da hujja mafi ƙarfi zai iya rushe shi. Tun a shari'ar Idundun da Okumagba ta 1976 kuwa ta jera hanyoyi biyar na tabbatar da mallaka, waɗanda takarda ɗaya ce kawai daga cikinsu, sauran sun haɗa da tarihin gado da daɗewar riƙo. A kotunan Shari'a na Arewa, fiƙihun Malikiyya ya ƙara ƙa'idar hauzi, inda wanda ya riƙe fili shekara 10 a gaban idon mai da'awa da ba danginsa ba, shi kuwa bai ce uffan ba alhali babu abin da ya hana shi, yake rinjaye a shari'a. Saboda haka takardar da mai unguwa ko dagaci ya sa wa hannu gaban shaidu, wadda ma'aikatan ofis kan raina, sau da yawa ita ce tushen da satifiket ɗin kansa ya dogara a kai.

Nijar ta bi wata hanya. Daga dokar Faransa ta 26 ga Yulin 1932 ta gaji takardar mallaka wadda, da zarar an kammala rajistarta, ba a sake ƙalubalantar ta, amma tsadarta da nisan ofisoshinta sun sa ta tsaya a birane. Kundin dokar karkara na 2 ga Maris 1993 ya daidaita haƙƙin da ya samo asali daga al'ada da wanda ya samo asali daga rubutacciyar doka, ya kuma kafa kwamitocin filaye, waɗanda a yau suke aiki tun daga matakin ƙauye suna ba da takardun shaidar saye da kyauta da aro da jingina.

Idan aka auna waɗannan duka, raunin tsarin Najeriya a fili yake: gwamnati tana karɓar kuɗin rajista da na ƙasa, tana kuma wajabta amincewar gwamna kafin a sayar ko a jinginar, kamar yadda shari'ar bankin Savannah da Ajilo ta 1989 ta jaddada, amma ba ta lamunce wa kowa sahihancin abin da ta sa wa hannu ba. Hukumomin da suka mayar da bayanan filaye cikin kwamfuta, irin su KANGIS a Kano da KADGIS a Kaduna, suna iya rage ɓatan fayil da raba fuloti ɗaya ga mutum biyu, amma na'ura ba ta ƙara wa takarda nauyin da doka ba ta ba ta ba. Majalisun da ke son satifiket ya zama hujja yankakkiya sai sun rubuta hakan cikin doka, sun ware asusun diyya, sun kuma fara da tantance haƙƙoƙin gado da na al'ada unguwa-unguwa kafin a buɗe wa kowane fili shafi.