Sandikan 'yan jarida: daga Yamai zuwa Tasawa tafiyar ta yi nisa

Jama'ar Tasawa da Mayahi, kun saba jin muryoyinmu muna karanta sanarwar yajin aikin malaman makaranta ko na ma'aikatan likita. Yau namu zancen za mu taɓa.

Zamanin Seyni Kountché ɗan jarida ma'aikacin gwamnati ne: ko yana Le Sahel, ko yana Muryar Sahel. Albashinsa na zuwa ƙarshen wata, bakinsa kuma da linzami. Iska ta juya bayan 9 ga Fabrairun 1990, ranar da aka harbi ɗalibai a gadar Kennedy ta Yamai. Cikin watan Mayun shekarar Ibrahim Cheick Diop ya fito da Haské, jarida mai zaman kanta, a 1991 kuma Maman Abou ya kafa Le Républicain, shekarar da aka yi babban taron ƙasa.

'Yancin faɗa ya samu, amma ya zo da wani sabon ma'aikaci: mai alƙalami marar kwantaragi. Na kafofin gwamnati suna da sandikansu SAINFO. Masu jaridun ma sun haɗa kansu cikin ANEPI, ku lura, masu gida ba su yi barci ba. Ma'aikatansu suka yi ta fama ƙarƙashin su UJPN da SYNATIC. A watan Yunin 2010 aka yi dokar da ta soke ɗaurin ɗan jarida kan laifin aikin jarida. Maganar albashi fa? Sai a watan Nuwamban 2021 aka sa hannu kan yarjejeniyar aiki tsakanin masu kafofi da ma'aikata, shekara 31 bayan Haské.

Duk wannan a Yamai ya faru. Mu nan jaridarmu rediyo ce, kuma rediyon karkara, tun wadda aka buɗe a Bankilare a 1999, kan aikin sa kai aka gina ta. Da yawa cikinmu sun yi shekaru a gaban makirfo babu takardar ɗaukar aiki, babu lambar CNSS, wani ko mafi ƙarancin albashi na jika 42 bai taɓa riƙewa ba. Abin da ke shiga aljihu shi ne "kuɗin mai" da ake miƙawa bayan taro.

A nan ne abin ya shafe ku. Wanda ya amshi jika biyar daga hannun mai taro da safe, da wane baki zai tambaye shi da marece ina aka kwana kan rijiyar da aka yi wa ƙauyenku alkawari? Mun sani, don mun amsa, kuma mun yi shiru.

Tun da aka dakatar da Maison de la Presse a watan Janairun 2024, inuwar da muke hange daga nesa ma ta ragu. Sai dai dokar ƙwadago ta 2012 tana nan, ta ba kowane ma'aikaci damar shiga sandika ko kafa shi. Abin da ba mu yi ba har yau shi ne mu zauna, mu na Tasawa da na Mayahi, mu ƙirga mu nawa ne, kuma nawa cikinmu ke da kwantaragi a rubuce.