Malamin Aji da Nauyin Tarbiyya a Sakandaren Gwamnati a Arewacin Nijeriya

Tsakure

Maƙalar ta duba wanda ke ɗauke da nauyin kula da halayya da walwalar ɗalibi a sakandaren gwamnati. Matsayarta ita ce malamin aji ne ke ɗauke da shi a aikace, alhali tsarin hukuma jami'in ba da shawara kawai ya sani.

Gabatarwa

Galibin masu rubutu a wannan fanni sukan ɗauko tarihinsa daga 1959, lokacin da malaman Kwalejin St. Theresa da ke Oke-Ado a Ibadan suka gayyato ma'aikata daga waje su yi wa ɗalibai masu fita bayani a kan sana'o'i. Daga nan sai su tsallako zuwa Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, wadda ta shigar da ba da shawara cikin tsarin makaranta. Wannan tarihin zaɓen sana'a ne, kuma kula da yaro ya girme shi nesa ba kusa ba. Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, makarantar kwana ce da malamanta suke tsaye a kan ci da kwana da ladabin yara, kuma har yau a Kwalejin Barewa, magajiyarta, akwai gidajen kwana masu ɗauke da sunayen Bello Kagara da Nagwamatse. Ƙyale wannan tushe ne ya sa ake ɗaukar tarbiyya aikin ofishi guda.

An yi nazarin abin da bugun 2004 da na 2013 na manufar suka tanada, aka gwada shi da yadda yini yake tafiya a makaranta.

Rijista

Da an tashi daga taron safe, malamin aji ne ke buɗe rijista ya kira suna. Mutane sukan ɗauki wannan a matsayin cike takarda, amma babu wata hanya a makaranta da ta kai shi saurin tona matsala. Yaron da ba ya zuwa duk ranar kasuwar garinsu, da yarinyar da fashinta ya fara da faɗuwar damina, da wanda ke amsa suna sannan ya kifa kai a benci saboda ya kai dare a shagon ubangidansa, duk a layin rijista suke fara bayyana tun kafin makinsu ya faɗi. Shi kuwa jami'in ba da shawara, inda ma akwai shi, sai an turo masa yaro yake ganinsa, kuma mai turowar malamin aji ne. Shi ne ke rubuta bayanin hali a katin sakamako, shi uba ke nema idan ya zo. Duk da haka, da yawan darussan da ke jadawali ake auna aikin malami, ƙarin girma kuma ya dogara ne a kan shekaru da takardun shaida. Bugun 2004 na Manufar Ilimi ya ƙayyade ɗalibai 40 ga malami ɗaya, adadin da azuzuwan birane suka daɗe da wucewa. Abin da ke biyo baya sananne ne: a miƙa wa monita rijista, ko a cike ta mako guda a zama ɗaya. Tsadar wannan sakaci takan fito ne ranar tashin hankali. Da aka sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, wasu kuma suka watsu cikin daji, tambayar farko ita ce su wane ne babu, kuma kiran suna kaɗai ke iya amsa irinta.

Za a ce malamin aji ba ƙwararre ba ne. Gaskiya ne akwai abin da ya fi ƙarfinsa, kamar shaye-shaye da cin zarafi, kuma nan ne gurbin jami'in. Sai dai duk mai takardar NCE ko digirin koyarwa ya karanci halayyar yara, kuma gano matsala da wuri ya fi buƙatar ganin yaro kullum a kan zurfin karatu. Sukar da ta fi nauyi ita ce yaro ba ya buɗe cikinsa ga mai riƙe da bulala. Wannan kam haka ne, kuma maganinsa a mayar da hukunci hannun malamin ladabtarwa, a rage wa malamin aji darussa, a kuma sa aikin cikin abin da ake dubawa wajen ƙarin girma.

Nazarin ya tsaya ne a kan makarantun gwamnati. Makarantun kuɗi da na Islamiyya suna da nasu tsarin, kuma ɗakunan kwanan 'yan mata, inda mace mai kula da su take da nata matsayi, suna buƙatar bincike na daban.