Tsutsotsi masu faɗi da ke rayuwa a jikin kwaɗi

Tsutsotsi masu faɗin jiki, waɗanda masana ke kira Platyhelminthes, na cikin halittun da ke rayuwa a jikin kwaɗo suna ci daga gare shi. An kasa su gida uku, kuma kowane gida da hanyar rayuwarsa.

Na farko su ne Monogenea, waɗanda dabba ɗaya ta ishe su. Misali shi ne Polystoma integerrimum da ke zama cikin mafitsarar kwaɗin Turai. Tana zuba ƙwai a lokacin da kwaɗon ya shiga ruwa don hayayyafa. Ƴaƴanta sai su manne wa talibambam a wurin numfashinsa, idan ya zama kwaɗo su koma mafitsara, inda suke ɗaukar kimanin shekara 3 kafin su balaga.

Na biyu su ne Trematoda, masu farawa daga jikin dodon koɗi. A Amurka, Ribeiroia ondatrae kan shiga inda ƙafafun talibambam za su fito, har kwaɗo ya tashi da ƙafa fiye da huɗu. Hakan na sauƙaƙa wa tsuntsu kama shi, a cikin tsuntsun kuma tsutsar ke balaga.

Na uku su ne Cestoda, dangin tsila. Spirometra na bi daga kashin kare ko kyanwa zuwa ƙananan halittun ruwa, sannan naman kwaɗo. Ita ce ke shafar mutum: ana kamuwa da cutar sparganosis ta cin kwaɗon da bai dahu ba ko shan ruwan tafki ba tacewa. Dafa nama sosai da tafasa ruwa na yanke wannan hanya.