Kayan Mayaƙi da Kayan Falke, Daga Boɗinga da Shagari Zuwa Wasannin Kwamfuta

Wanda ya tashi daga Sakkwato ya bi hanyar mota wadda ta nufi Jega, zai fara isa Boɗinga, in ya ƙara gaba kuma ya isa Shagari kafin Tambuwal. Garuruwan nan biyu kowanne yana da rabonsa a tarihi. A Boɗinga Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna tun wajen 1810, sa'ad da wansa Shehu Usmanu ya koma Sifawa, wadda ba ta da nisa da nan. Shagari kuwa ita ce mahaifar Alhaji Shehu Shagari, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, kuma tun kafin a haife shi matafiya su ke ratsa ta tsakanin Sakkwato da Gwandu.

Mayaƙa da fataken da suka bi hanyar nan a zamanin da, kowannensu tilas ya amsa tambaya uku. Me zai ɗauka? Nawa zai iya ɗauka? Abin da ya faɗo hannunsa a kan hanya kuma, na wane ne? Tambayoyin nan uku su ne masu shirya wasannin kwamfuta suka yi shekara 50 suna fama da su a ƙasashen da ba su taɓa jin sunan Boɗinga ba.

BURGAMIN MAI WASA

Akwai wani irin wasa da a ke yi a kwamfuta ko a wayar hannu, inda mai wasa ya ke shiga rigar wani jarumi na tatsuniya. Shi zai tafiyar da jarumin cikin daji da kogo da birni, ya yi yaƙi, ya yi ciniki, ya tsinci kaya. Kowane jarumi yana da jaka irin burgamin matafiyi. In an buɗe ta sai a ga jerin abin da ke ciki, kowane abu da sunansa, da nauyinsa, da kuɗinsa, da ɗan bayani a kansa.

Asalin wannan ya girmi wayar hannu. A 1974 wasu mutum biyu a Amurka, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da wasan Dungeons & Dragons, wanda a ke yi da takarda da fensir da 'ya'yan ƙuri'a. A cikin littafin wasan suka jera makamai da guzuri da kuɗin kowanne. Suka kuma auna nauyin kowane abu da nauyin tsabar zinariya, suka ƙa'ida cewa gwargwadon nauyin kayan jarumi, gwargwadon nawar tafiyarsa. A 1976 Will Crowther ya shirya wasan shiga kogo a kwamfuta, Don Woods ya faɗaɗa shi a 1977. A cikinsa mai wasa ba ya riƙe abin da ya wuce 7, in ya ga na takwas yana so, sai ya ajiye ɗaya.

A 1980 wasan Rogue ya zo da wata dabara, watau ɓoye bayanin kaya. Mai wasa zai tsinci kwalba, ya ga launinta kaɗai, bai san magani ne ko guba ba sai ya sha. Wajen farkon 1997 kuma wasan Diablo ya mai da jakar tamkar allon dara mai gida 40. Kwalba ta ci gida 1, sulke ya ci gida 6, har zinariya ma tana cin gidaje, domin gida ɗaya ba ya ɗaukar abin da ya wuce 5,000. Ta haka mai wasa kullum ya ke cikin shawara, wanne zai riƙe, wanne zai zubar.

KAYAN MAYAƘI

Shawarar nan da samari ke yi don nishaɗi, mayaƙan zamanin Malam Abdullahi sun yi ta da ransu a hannu. Dakare yana fita da baka da kwari cike da kibau, waɗanda aka shafa wa dafin ƙwanƙwani, da takobi ko gatari, da goran ruwa da ɗan guzuri. Barde a kan doki yana da takobi da mashi da garkuwar fata, mai hali kuma ya sa sulke a ƙarƙashin riga. Sama da su duka akwai 'yan lifidi. Shi lifidi tufa ce mai kauri da a ke cusa wa auduga a ɗinke, a sa wa doki a sa wa mahayi, a ɗora masa kwalkwali a ka. Tarihin Kano ya nuna cewa tun zamanin Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, aka san lifidi da sulke da kwalkwali a ƙasar Hausa.

Kowane ɗaya daga cikin kayan nan yana da amfani, yana kuma da haraji. Lifidi yana tare kibiya, amma yana gajiyar da doki, yana kama wuta, kuma in mahayi ya faɗi da wuya ya tashi sai an taimake shi. Maharbi jikinsa a fili ya ke, amma ya fi kowa sauƙin motsi, yana kuma kashewa daga nesa.

An ga bambancin nan a Tabkin Kwatto cikin watan Yuni na 1804. Sarkin Gobir Yunfa ya zo da dawaki masu yawa da 'yan lifidi. Jama'ar Shehu, waɗanda Malam Abdullahi ya ja, dawakinsu kamar 20 ne kaɗai, galibinsu maharba ne a ƙasa. Duk da haka rundunar Gobir ta karye, ta bar dawaki da makamai a fage. Daga irin wannan ganima jama'a ta riƙa samun dawakin da ta rasa da farko, har ita ma ta zama mai barade da 'yan lifidi.

KAYAN FALKE

Falke shi ma iyakarsa abin da jakinsa ko kansa zai ɗauka. Fataken Gwanja, masu zuwa sayen goro, su kan bi ta Jega da Yawuri su haye Kwara. Ayari yana da madugu, da jagaba mai shiga gaba, da uban dawaki, da malamin ayari mai riƙe lissafi. Lissafin nan wajibi ne, gama a mashigin ruwa da ƙofar gari bisa yawan kaya a ke biyan fito da kuɗin hanya.

Kuɗi ma kaya ne a wancan zamani. Wuri a ke ciniki da shi, kuma wuri 20,000 shi ne keso ɗaya, wanda ɗaukarsa aiki ne sosai. Saboda haka falke mai wayo ba ya tafiya mai nisa da wuri, sai ya juya shi zuwa abu mara nauyi mai tsada, kamar turkuɗi ko kanwa mai kyau ko dutsen wuya, ya sayar a gaba. Gygax da Arneson da suka sa zinariya ta yi wa jarumi nauyi, abin da fatake suka sani tun tuni suka sa a wasa.

Wajen bayanin kaya kuwa, fataken goro ba su bar kome a duhu ba. Goro 100 ƙwarya ce. Wanda aka naɗe a ganye aka ɗaure shi ne huhu. Manya su ne marsa, ƙanana minu, wanda ya kwana shekara daushe. Da an ambaci suna, mai saye ya san girma da daraja da abin da zai biya, ko da bai kwance huhun ba.

Wani baƙo da ya bi ta Boɗinga da Shagari ya ɗanɗana wannan hukunci na kaya. Shi ne Bature Heinrich Barth, mutumin Jamus, wanda a ke kira Abdulkarim. Ya ratsa garuruwan nan cikin watan Mayu na 1853 a kan hanyarsa ta zuwa Gwandu, da riguna da turkuɗi da rawuna waɗanda ya saya a Katsina don su zame masa kuɗi da gaisuwar sarakuna. A Gwandu Sarki Halilu, ɗan Malam Abdullahi, bai yarda ya gan shi ba. Aka duba gaisuwarsa aka ce ta yi kaɗan, sai da ya ƙara da ƙananan bindigogi biyu masu adon azurfa kafin ya sami takardar wucewa.

RABON GANIMA

Tambaya ta uku ita ce mafi nauyi, ita ce kuma ta fi damun malaman jihadi. Shari'a ta tsara yadda za a yi da ganima. Za a tara ta wuri ɗaya tukuna, a fitar da kashi 1 cikin 5, watau humusi, a ba shugaba don amfanin jama'a, sauran kashi 4 a raba wa waɗanda suka halarci yaƙin. A mazhabar Malikiyya dakare yana da rabo 1, mai doki yana da 3, watau 2 na dokin, 1 nasa. Ɗaukar wani abu a ɓoye kafin rabo shi a ke kira gululu, haramun ne kuwa, kome ƙanƙantar abin. Shehu Usmanu ya yi bayanin hukuncin ganima a cikin littafinsa Bayanu Wujubil Hijira na 1806.

Rubuta hukunci daban, bin sa a fagen yaƙi daban. Da nasara ta yawaita, sai kwaɗayi ya shiga zukatan wasu, kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala ne. Abin ya ɓata wa Malam Abdullahi rai ƙwarai, har wajen 1807 ya rabu da runduna ya kama hanyar gabas da niyyar zuwa Makka. Mutanen Kano suka tsai da shi, suka roƙe shi ya koya musu yadda a ke mulki bisa shari'a, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, daga baya ya komo gida. A 1812 Shehu ya danƙa masa kula da ƙasashen yamma. A 1813, cikin shekarunsa na Boɗinga, ya haɗa littafin Tazyinul Waraƙati, inda ya ba da labarin yaƙoƙin, ya kuma soki waɗanda himmarsu ta koma ga neman sarauta da tara tufafi masu tsada da dawakin ƙawa. Bayan rasuwar Shehu a 1817 ya koma Gwandu da zama, a can ya rasu a 1829.

Masu wasan kwamfuta sun iske wannan matsala da kansu. Sa'ad da aka fara wasannin da mutane da yawa ke haɗuwa ta intanet su yaƙi dodo ɗaya, kamar EverQuest na 1999 da World of Warcraft na 2004, sai gardama ta tashi a kan wanda zai ɗauki takobin da dodon ya bari. Wasu ƙungiyoyi suka naɗa mai rabo, wasu suka koma jefa ƙuri'a, wasu suka riƙa rubuta wa kowa maki gwargwadon halartarsa, ya sayi rabonsa da su. Wanda ya wawuri kaya kafin rabo kuwa sunansa ya ɓaci, a kore shi daga ƙungiya. Kayan na ƙarya ne, amma ɓacin ran na gaske ne, domin ɗan Adam ba ya jure zalunci a wajen rabo.

KAYA DA LABARINSU

A 2011 kamfanin FromSoftware na Japan ya fito da wasan Dark Souls, a ƙarƙashin jagorancin Hidetaka Miyazaki. A cikinsa ba a zaunar da mai wasa a ba shi labari daga farko har ƙarshe. Yawancin labarin an warwatsa shi ne cikin bayanin kaya. A jikin zobe za a karanta wanda ya fara sa shi, a jikin takobi a karanta yaƙin da ya halarta, sai mai wasa ya harhaɗa su ya gane tarihin ƙasar. A Afirka ma an shiga sana'ar: a 2016 kamfanin Kiro'o Games na Yawunde a Kamaru ya fito da wasan Aurion, wanda ya ɗebo tufafinsa da al'adunsa daga ƙasashen baƙar fata.

Abin da Miyazaki ya ƙirƙira don wasa, yana nan na gaske a gidajen sarauta da gidajen malamai da na attajiran da a ƙasar Sakkwato. Tsohon takobi a rataye a soro, ko guntun sulke, ko gafakar littattafai, kowanne yana da wanda ya ƙera shi, da wanda ya riƙe shi, da hanyar da ya bi ya shigo gidan, ko gado, ko kyauta, ko rabon ganima. Wasu irin kayan nan an adana su a Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, tare da rubuce-rubucen malaman jihadi. Amma waɗanda ke cikin gidaje, bayaninsu a bakin tsofaffi ya ke. Ran da tsoho ya kwanta dama ba a rubuta ba, takobin ya koma ƙarfe kawai, a sayar wa 'yan gwangwan a kan sikeli.

Aikin nan bai fi ƙarfin wanda ya gama ajin yaƙi da jahilci ba. Littafin rubutu ɗaya da alƙalami sun isa. Kowane abu a ba shi shafi guda, a rubuta sunansa na Hausa, da abin da aka yi shi da shi, da amfaninsa, da wanda ya fara mallakarsa, da yadda ya zo gidan, sa'an nan a sa sunan dattijon da ya ba da bayanin da ranar da ya bayar. Abin da dattijo ya ce ji ya yi, a rubuta cewa ji ya yi, abin da ya gani da idonsa a rubuta haka. In an yi wannan a Boɗinga da Shagari da Sifawa da sauran garuruwa, masu rubuta tarihi za su sami madogara, samarin da za su shirya wasanni a nan gaba kuma za su sami lifidi da kwalkwali da huhun goro a rubuce, kowanne da sunansa da labarinsa. Allah ya ji ƙan magabata, ya ba na baya ikon riƙe amanar abin da suka bari.